Allurar Muhsina a Firizar Isaac

Asabar, 5 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau na fasa tulun matata Sa'a. Ni da kaina, da dunduniyata, ba akuya ba, ba yaro ba. Ina kwaikwayon tafiyar Ɗanbaba mai ƙofar ruwa idan ya sa sabon takalmi, don in ba Muhsina dariya, na ja da baya, sai na ji ƙwas. Ta yi dariyar kuwa, har da riƙe ciki, amma ba ta takalmin Ɗanbaba ba.

Tulun ba na ruwan sha ba ne, shi ne firij ɗin gidanmu. Tun bara da aka ce 'yata Muhsina tana da ciwon suga irin na yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allura safe da yamma, Sista Jemima ta asibiti ta koya wa uwarta dabarar: ƙaramin tulu a cikin babbar tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da tsumma mai ruwa, a sa kwalaben insulin a ciki. Shekara guda Sa'a tana yi wa tulun nan hidima kamar jariri. Ni na gama da shi a taku ɗaya.

Kwalaben uku ne, ba wadda ta fashe. Sa'a ta tsince su daga cikin yashi, ta goge da gefen zani, ta ajiye su. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Sai na ga dole in rufe kunya da ilimi. Na ce ai dama tukunya da yashi aikin mutanen da ne, ga Isaac a bakin titi da firiza mai sola, ana sayen ƙanƙara a wajensa har daga Bunkure. Na bar mata wadda aka riga aka fara, na ɗauki sababbin biyu na fita kamar wanda zai kai saƙon gwamna.

Isaac ya so ya sa su a ɗan kwandon sama, inda yake jera lemo. Na ce a'a. An ce sanyi ake so, to a ba su sanyin gaske, can ƙasa tsakanin ƙanƙara.

"Oga Hambali, ka tambayi Sista kuwa?"

Na ce masa mutumin da ya kai aji biyu na sakandare ba ya tambayar kowa ma'anar sanyi.

A gida na ce wa Sa'a suna firij.

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ɗanbaba ya rufe mana ruwa tun jiya, wai layin 'yan albasa ne. Tumatirina ya sunkuyar da kai kamar wanda ake yi wa faɗa. Na zage shi a zuci, na gaishe shi a baki, don ƙofar a hannunsa take.

Ina zaune a bakin kanal ina hararar ƙofar, sai na tuna Sista Jemima. Ranar da aka fara yi wa Muhsina allura na tambaye ta abin da ya dame ni. Tukunya ɗaya muke ci da yarinyar nan, ita tana ƙarewa kamar sabulu a wajen wanki, ni kuwa rabon da in ga yatsun ƙafata ina tsaye tun kafin a haife ta. Ina adalci a nan? Ta tambayi sana'ata, na ce noman rani, ta ce to na riga na san rabin karatun.

Ta ce kitsen jikin mutum ajiya ce kamar ruwan dam, kuma yana da ƙofa. Ba ya buɗe kansa sai an aiko. 'Yan aiken a cikin jini suke yawo, ana ce musu homon. Idan ka ci ka ƙoshi, insulin ne ke zuwa ya ce a rufe, a ƙara tarawa. Idan ka daɗe ba ka ci ba, ko ka tsorata, ko ka fusata, ko zazzaɓi ya kama ka, wasu ne ke zuwa su ce a buɗe. Ta kira sunayensu, na riƙe biyu, adirenalin da kotisol. Da sun yi magana, akwai ma'aikata a cikin kitsen da ke farfasa shi ƙanana-ƙanana, jini ya ɗauka ya kai wa tsoka ta ƙona. Masu cewa a buɗe suna da yawa. Mai cewa a rufe kusan shi kaɗai ne. A jikin Muhsina shi kaɗai ɗin ne ya daina zuwa aiki, shi ya sa muke sayo shi a kwalba wajen Iliyasu mai kemis.

Na ce to ni fa? Ta dubi tumbina ta ce ni nawa mai rufewar ko hutun Juma'a ba ya zuwa.

Ashe da Ɗanbaba nake yawo a cikin cikina.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan La'asar

Kwalbar gida ta ƙare. Na je wajen Isaac, sai da ya sa cokali ya ɓamɓaro ɗaya daga jikin ƙanƙara. Ta yi tauri kamar tsakuwa. Ya juya ta a hannu, ya dube ni, na ce masa haka ake so, yanzu ƙarfinta yana nan a kulle bai tsiyaye ba. Na sa a aljihu ta daskarar min da cinya, na mayar da ita hammata. Kafin in wuce injin niƙa ta narke. Na miƙa wa Sa'a da sauran sanyinta, na ce ta taɓa ta ji bambancin ilimi da yashi.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan Magariba

Muhsina da kanta take yi wa kanta allurar yanzu, shekararta goma sha uku amma hannunta ya fi nawa tsayuwa. Ta murza kwalbar tsakanin tafukanta yadda aka koya mata, ta ɗaga ta saitin fitila.

"Baba, ya yi gudaji-gudaji, kamar nonon da ya tsinke. Na da ba haka yake ba."

Na ce ai na da ɗan ƙauye ne, a yashi ya tashi, wannan kuwa ya shiga firij ya waye. Ta yi dariya, ta zuƙa, ta soka.

Dillalan tumatir sun zo sun taɓa kowane kwando kamar masu zaɓen surukai, sun taya min abin da ko karan kwandon bai saya ba. Allah ya isa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

Yarinyar nan ta kusa shanye randa. Zafin bana ne.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan Azahar

Zafin bana ne, na faɗa na sake faɗa, amma a gidan nan ba mai jin magana.

Sa'a ta ja ni bayan ɗaki ta nuna min tururuwa sun yi cincirindo inda Muhsina ta tsuguna. Ta ce haka aka yi bara kafin a gano ciwon. Ta ce kumatun yarinyar sun fara shiga ciki, in duba. Na ce na duba, kumatunta suna nan inda Allah ya ajiye su. Ta ce mu tafi asibiti gobe. Na ce ranarmu ta ganin Sista sai ƙarshen wata, kuma tumatir ba ya jira, wanda ya nuna yau jibi ruwa ne, motar 'yan kudu kuma ba ta da ranar zuwa, sai ka kwana da shiri. Ta ce, "Malam, tumatir ka haifa?"

Wannan maganar ba ta dace ba. Shekara ashirin ban taɓa barin gidan nan da yunwa ba.

Na ce wataƙila kwalbar ce aka yi rashin sa'a a kanta. Na je na ɗauko ta biyun. Ba sai na sake rubuta yadda na kawo ta ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Iya ta shigo maganar. Mahaifiyata idan ta shigo magana, kowa sai ya matsa. Ta zaunar da Muhsina, ta zagaye damtsenta da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta ce ita ta san wannan, wannan ba ciwon asibiti ba ne, cinye ta ake yi, akwai mai baki a unguwar nan. Ta fara lissafo matan da suka yaba kyan yarinyar ranar Sallah. Sannan ta sa aka dama fura da nono, ta zuba man shanu da zuma, ta ce a ɗura mata har ta mayar da jikinta.

Na ɗaga wa Iya murya. Allah ya yafe min. Na ce ba maye ba ne, kuma zuma guba ce gare ta. Iya ta ce to ɗan boko, faɗa mana mene ne.

Kuma na sani. Wannan ne ya ƙara ba ni haushi. Yarinya tana ci kamar mai aikin gayya, tana ramewa. Ƙofar a buɗe take, ba mai rufewa, ajiyarta tana zuba dare da rana. To amma ana yin allurar, a gabana ake yi, ba fashi. Idan an kira mai rufe ƙofa safe da yamma bai rufe ba, sai dai in ba shi ne aka kawo ba. Ruwan shinkafa aka ɗura a kwalba aka manna takarda.

Wa ya sayar min? To.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan Asuba

Tsinken gwaji ɗaya ya rage, muka sa a na'urar awon suga. Ta yi tunani ta yi tunani, ta ƙi ba da lamba. Sista ta taɓa cewa idan ta yi haka, sugan ya wuce inda lissafinta ya tsaya. Sa'a ta yi kuka. Na yi alkawarin Litinin, da mota ta zo da ba ta zo ba, zan shiga birni in sayo na ƙwarai.

Da fushi yana narkar da tumbi kamar yadda aka ce, da yau sai an ɗaure min wando da igiya biyu.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Na yi abin da ya kamata.

Kemis ɗin Iliyasu yana daidai inda jama'a ke ɓullowa idan an sauko daga masallaci. Ban jira an watse ba. Na hau kan bencinsa, na ɗaga kwalaben nan biyu, na ce jama'a ku zo ku ga nonon da Iliyasu yake sayarwa da sunan magani. Na ce a duba gudajin. Na ce 'yata tana gida kamar sillen kara. Na ce wannan mutumin da ya fi kowa tsawon carbi, jabu yake kawo mana. Na yi kwaikwayon yadda yake leƙen takardar likita ta saman tabarau, mutane suka yi dariya, sannan dariyar ta juye ta zama wani abu. Samari suka tsinke allon shagon. Wani ya jefi gilashin kantarsa. Wani tsoho ya dawo da maganin hawan jinin da ya saya da safe, ya ajiye a ƙasa.

Iliyasu bai ɗaga murya ba. Ya ce shi da kansa yake ɗauko su daga birni a cikin kula, a kan cinyarsa, kuma lafiya ƙalau ya miƙa min su. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya gani.

"Malam Hambali, a ina ka ajiye su?"

Na ce ji ɓarawo yana tambayar inda mai gida ke ajiya. Aka sake dariya.

Isaac yana tsallaken titi a ƙofar shagonsa. Bai yi dariya ba. Ba ruwana da shi.

Na yi abin da ya kamata.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Isaac ya biyo ni har gona. Ya tsaya a kan kunya ya ce, "Oga, game da kwalaben nan." Na ja igiyar injin ban-ruwa. Injin nan nawa ya tsufa, idan ya tashi ko aradu ba a ji. Ya daɗe a tsaye yana motsa baki, sannan ya tafi.

Ruwa ma babu a kanal ɗin. Injin ya yi ta zuƙar iska.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan La'asar, a barandar asibiti a birni

Ba mu kai Litinin ba.

Tun safe take amai, ko ruwa ba ya zama. Ta ce cikinta. Da rana ta fara wani irin numfashi, dogo, mai zurfi, kamar wadda ta yi gudu daga Kura, alhali tana kwance. Na kira ta, ta buɗe ido, ta kira ni da sunan yayanta Nasiru. Na ɗauke ta. Kwandon da ba kome a ciki ya fi ta nauyi. A mota bakinta yana kusa da hancina, wani ƙamshi yake fita kamar gwandar da ta wuce nuna. Asibitinmu suka sa mata ruwa, Sista Jemima ta sunsuni numfashinta sau ɗaya ta ce a wuce birni yanzu.

Direba ya tsaya shan mai. Wani mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya tare hanya wajen Kumbotso yana rigimar canji. Duk na rubuta su a zuciyata.

An shiga da ita. An ce mu jira.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Azahar

Likitar yarinya ce, Dakta Rauda, ba za ta girmi Nasiru da yawa ba. Ta zaunar da mu, ni da Sa'a. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, na san maganar dam da ƙofa. Ta ce to bari ta ɗora daga nan.

Ta ce idan ƙofar ta ɗan buɗu, tsoka tana ƙone abin da ya fito, lafiya lau. Amma idan babu insulin, kitsen jiki gaba ɗaya ake farfasawa lokaci guda, ya yi wa hanta ambaliya. Hanta kuma ba ta iya cewa ya isa, sai ta riƙa juya shi zuwa wani abu mai tsami, kiton. Jinin yarinyar ya yi tsami. Numfashin nan da na gani, jiki ne yake ƙoƙarin fitar da tsamin ta baki, ƙamshin ma shi ne. Abin da ya fi muni, da jiki ya ga yana cikin masifa sai ya ƙara turo masu cewa a buɗe, su adirenalin da kotisol, wato ana ambaliya ana ƙara ɗaga ƙofa. Ta ce yanzu suna ba ta ruwa da gishirin jiki, suna ɗiga mata insulin ta jijiya a hankali, kuma abu na farko da zai yi shi ne ya rufe ƙofar kitsen. Ta ce rufe ta ba ya bukatar insulin mai yawa. Kaɗan ma ya isa, in dai mai rai ne.

Na ce yauwa, in dai mai rai ne. Na zaro kwalaben, na ba ta labarin Iliyasu tun daga tabarau. Ta ɗaga ɗaya saitin taga, ta karkata ta, ta daɗe tana kallon abin da ya manne a jikin gilashin. Ta tambayi inda muke ajiyewa. Sa'a ta ce a firij, wajen maƙwabci.

"Wane ɓangare na firij ɗin, Baba?"

Ni take kallo.

Akwai fanka a ofishin, tana juyawa tana ƙara, an ɗaure ta da waya. Babban asibiti guda a ce an rasa mai gyara fanka.

Ta ce insulin idan ya daskare ya lalace, ko ya narke ba ya dawowa, kamar dafaffen ƙwai ne, ba a mayar da shi ɗanye. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba mu ne farko ba. Ta ce tulu da yashi da ake koya wa mutanen karkara ya wadatar.

Da muka fito Sa'a ta tambaye ni abu ɗaya a bakin famfo. Ba zan rubuta ba.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Ba ta farka sosai ba. An ce tsamin yana raguwa.

Talata, bayan La'asar

Na karanta kwalin insulin ɗin yau da tabaran wani mai jinya. An rubuta kada a bari ya daskare, da Turanci, da baƙaƙen da ko tururuwa sai ta tsuguna. Wa suke rubuta wa? Mu masu shan maganin a nan muke, su masu rubutun suna can inda ƙanƙara ke faɗowa daga sama kyauta. Kuma Sista Jemima ta ce sanyi, ba ta ce kada ya yi yawa ba. Na faɗa wa Sa'a haka. Ta ce Sista ta faɗa, har sau biyu, lokacin na fita amsa wayar dillali.

Dillalan nan su ne masifar ƙasar nan.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Ta farka. Ta ce Umma. Ta nemi ruwa. Ta dube ni ta tambaya ko motar tumatir ta zo. Na fita waje na tsaya bayan tankin ruwa na ɗan jima.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan Azahar

Dakta Rauda ta kama ni a baranda ina cin ƙosai, ta sa aka auna ni. Ta ce sugana yana bakin ƙofa, bai shigo ba amma ya yi sallama. Ta ce kitsen tumbi shi ne mafi taurin kai, insulin yana ta ihu a rufe, shi kuma ya fara kurumcewa, yana yoyo kai tsaye zuwa hanta, jiki kuma yana ta ƙaro insulin. Na ce ni fa wata guda ke nan ina fushi safe da yamma, me ya sa ban rame ba? Ta ce fushi yana buɗe ƙofar da gaske, amma idan mutum yana zaune a benci bai ƙone abin da ya fito ba, yawancinsa komawa yake yi inda ya fito.

Wato fushina ma aikin banza ne. Ya fita ya zaga ya dawo gida.

Ni nawa insulin ɗin ya yi yawa har an daina jin maganarsa. Muhsina kuwa ɗigo take nema. Na tambaya ko ana iya ɗiba daga nawa a sa mata, likitar ta ɗauka wasa nake yi.

Nasiru ya bugo waya, tumatir ya zama miya a gona. Ban ji kome ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan Magariba, a gida

An sallame mu. Da ƙafarta ta shiga gida, zaninta ya zagaye ta kusan sau biyu. An ce jikin zai dawo a hankali tunda mai rufe ƙofa ya koma aiki. Iya ta rungume ta, ta ce rubutun da ta sa aka yi ne ya ci. Na bar ta. Ba ni da bakin gyara wa kowa magana.

Mun taho da kwalba ɗaya, ita ma an fara ta tun a gadon asibiti. Sa'a ta sayo sababbin tukwane ta haɗa da kanta, ta ajiye a ɗakinta, a lungun da ba na bi. Na ce zan ɗebo mata yashi daga bakin kanal, ta ce ta riga ta aika.

Matan unguwa suna ta shigowa sannu, kowace sai ta tsine wa Iliyasu kafin ta zauna. Sa'a sai ta kawo wata magana. Ni ina zaure ina jinsu.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan La'asar

Daga nan har Madobi ba mai kawo insulin sai mutum ɗaya. In na ce birni, wuni guda ne a motar haya cikin ranar nan, kwalba a aljihu tana dahuwa, kuma likita ta ce zafi ma yana kashe shi. Ba ni da kula, ban san wanda ake saya a wajensa a amince ba. Shi ya sani.

Na je wajen Iliyasu. Ya liƙe gilashin da kwali. Ba kowa a bencin. Ɗan firij ɗinsa na magani a buɗe yake, an kashe, ya sa takardu a ciki. Ya ce ya daina kawowa, dama ba riba yake samu ba, saboda Muhsina da wasu tsofaffi biyu yake yi. Na ce masa ai shaiɗan ne, da zafin rana, kuma ya san ni da wasa. Na ce a yi haƙuri, a bar maganar tsakaninmu, mu manya ne. Na kawo masa kwandon albasa.

Ya tambayi jikin yarinyar tukuna, ya yi hamdala. Sannan ya ce Isaac ya zo ya same shi tun washegari, ya san kome, kuma bai faɗa wa kowa ba, don ba shi ya kamata ya faɗa ba.

"Ba a cikin shago ka yi maganar ba, Malam Hambali. A kan bencin nan ka yi, ranar Juma'a. Bencin yana nan. In ka sauko, Asabar da asuba ina hanyar birni da kulata."

Albasar ya ce in mayar wa Iya.

Mutum ya zo har inda kake, da furfurarsa, ka ce sai ya hau benci. Wannan ba musulunci ba ne. Na faɗi haka a hanya, da ƙarfi, ni kaɗai.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

Na wuni a gona ina tuge itacen tumatirin da ya mutu, ina gwada yadda zan fara. Duk wadda na ɗauko sai ta karkace. Jama'a ku zo ku ga mutumin da ya yi wa magani kwanci a hammata kamar kaza. Wannan za ta ci, na san mutanena, har liman sai ya murmusa. In suka yi dariya sun yafe, in sun yafe an wuce wajen, kowa ya tafi gida da labarin Hambali da hammatarsa.

Na gwada ta a kan Muhsina da na dawo. Tana zaune a tabarma, ta ɗaga kwalbar saitin haske tana duba abin da ya rage. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Baba, kada ka ba su dariya. In suka yi dariya, kai za su tuna, ba Kawu Iliyasu ba."

Na ce to me zan ce? Ban iya wata magana ba. Ta ce in faɗi inda na sa su, da abin da Isaac ya tambaye ni, da abin da ita ta nuna min, in sauko.

Ta juyo da kwalbar ta nuna min da farce inda ruwan ya tsaya. Ba zai kai wata Juma'ar ba.

Na ce wa Sa'a ta wanke min farar rigata, gobe Juma'a.